Malam Ado Yana Nan da Ransa

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

Sati na uku ke nan a gidan rediyon Sautin Ganuwa, kuma babban abin da na koya shi ne firintar ofishinmu ba ta jan takarda sai an mare ta a gefe. Makaranta ta turo ni sanin makamar aiki na hutun damina, aka jefa ni sashen hulɗa da jama'a. Na zaci za a nuna mini yadda gidan labarai yake magana da mutanen gari. Ashe ɗaga waya ne, da amsa wa masu zaginmu a shafinmu na intanet da "mun gode da ra'ayinka". Hajiya Zara, shugabar sashen, tana da kirki in ba ta cikin mitin, sai dai kullum tana cikin mitin. Yanzu kuma hankalin kowa ya koma kan bikin cikar gidan shekara goma da za a yi farkon watan gobe. An ba ni sunayen manyan baƙi in rubuta a bayan katin gayyata, wai rubutuna ya fi na kowa kyau. Da na san haka ne da ban wahalar da kaina da karatun jarida ba.

Talata, 15 ga Yuli, bayan la'asar



A labaran rana rediyonmu ya sanar da rasuwar Malam Ado Yari, tsohon hedimasta na Ƙofar Kaura. Aka sa hotonsa a shafi. Malam Atiku, editanmu, da kansa ya shiga situdiyo ya karanta, muryarsa har tana sarƙewa, don Malam Ado ya koyar da shi a firamare.

Ƙofar gidan Malam Ado tana kallon tamu. Shi ya koyar da Babanmu, kuma tun ina rarrafe yake ce mini amaryarsa. Da safen nan na wuce shi a kan dakali yana shan koko. Ina jin sanarwar na kira Inna ina kuka, ko sallama ban yi ba. Ta ce, "Wane Malam Adon? Ga shi can yana hwaɗa da mai gyaran hamfo." Na ruga ofishin Hajiya Zara ba takalmi a ƙafa ɗaya. Aka goge hoton daga shafi. Abin da ya fita ta rediyo kuwa ba a goge shi.

Wai wani Malam Ado ne ya rasu a wani gari can, wani ɗan gaggawa a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ya liƙa hoton namu, mu kuma muka ɗauka don kada wata tasha ta riga mu. Ba wanda ya kira gidan. Ba wanda ya hau kurkura, keken haya mai ƙafa uku, ya leƙa, alhali in ka hau saman benen ofis kana hango masallacin layinmu.

Da na dawo na tarar an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, motoci sun toshe hanya, mata na shiga da kwanukan abinci. Anti Halima, autar Malam, a gidanta na Kambarawa ta ji. An ce sai da aka yayyafa mata ruwa. Ban iya tsayawa ba, na sunkuyar da kai na shige gida.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan magariba

Inna ta ce dole in je in gaishe shi. Na same shi a zaure, rediyonsa a gefen tabarma.

"Baba Malam, ina wuni? Ya jiki, ya haƙuri da jama'a?"

"Lahiya lau, amarya. Ko bazawara zan ce? Ashe ke kika sa a kashe ni don ki samu saurayi."

Na yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ya ce in share ido, shi ya ci riba, ya ji abin da za a faɗa a kansa tun yana raye. "Ashe ni mutumen kirki ne, ban sani ba. Har waɗanda na zane sun yi mini shaida."

Sai ya gyara zama, ya daina wasa.

"Bashira, ba ni son kotu, ba ni son a zo mini da goro. Abu guda nike so. Inda aka hwaɗi na mutu, a hwaɗi ina nan. Bakin da ya hwaɗa, kuma a lokacin da ya hwaɗa. Ɗalibaina na ƙauye ba su da wayar ga taku ta shahwa, rediyo suke ji. Kuma ki gaya ma Atiku ba ni hushi da shi."

Na ce gobe in sha Allahu. Na faɗa da ƙarfi, kamar ni ce mai gidan rediyon.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe uku na yamma

Na rubuta gyaran tun kafin in ajiye jaka. Malam Ado Yari yana nan da ransa da lafiyarsa, mun yi kuskure, muna ba shi haƙuri shi da iyalinsa. Shi ke nan. Hajiya Zara ta karanta ta ce ya yi kyau ƙwarai, amma ba a cewa "mun yi kuskure" sai lauya ya gani. Aka tura wa Barista Abbas. Ya dawo da ita ta zama: "An samu saɓanin bayani game da wani dattijo, kuma ana bincike."

Na ce, "Hajiya, wane dattijo? Dattijo ɗaya ne a Katsina?"

Ta ce, "Bashira, haka ake aikin. Kina koyo ne." To, ina koyo. Yau na koyi yadda ake ba mutum haƙuri ba tare da an ambaci sunansa ba. Ita ma wannan guntuwar ba a saka ta ba, wai sai Manaja ya sa hannu.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan labaran rana

Ba a saka ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, da yamma

Har yau masu ta'aziyya zuwa suke yi. Wasu dattawa sun taso daga ƙauye cikin ruwan nan, rigunansu sharkaf, suka yi sallama a zaure. Malam ya amsa. Ɗaya daga cikinsu ya ja da baya har ya taka kwata, yana salati. Yaran layi sun sha dariya. Ranar farko Malam ma yana dariya, yau kuwa na gan shi ta labulen ƙofarmu yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, kamar shi ya yi laifin rashin mutuwa.

Na gaishe da Anti Halima a bakin famfo. Ta amsa "lafiya" ta tsaya nan. Matar da take tsayar da ni ta tambayi karatu, ta tambayi Inna, ta tambayi har kazar gidanmu.

Inna ta ce, "Ke hwa kina can cikinsu. Bakinki bai kai ba?" Me zan ce mata? A unguwa ni ce Sautin Ganuwa gaba ɗayanta. A Sautin Ganuwa kuwa ni ce yarinyar nan mai kyan rubutu.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Na tare Malam Atiku a matakala. Tun ranar yake kauce mini, in ya hango ni sai ya kara waya a kunne. Na gaishe shi, na isar da saƙon Malam, cewa ba ya fushi da shi. Na zaci zai ji sanyi. Sai na ga kamar na watsa masa ruwan zafi.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Ya ce kai yake so ka faɗa, a labaran rana."

Ya daɗe yana kallon takalminsa. "Bashira, da wane ido zan kalli Malam? Mutumin da ya kama hannuna ya koya mini riƙe fensir. Ki bari dai a gama bikin nan, zan je da kaina har gida."

Direban ofis ya ce yanzu Malam Atiku zagaye yake yi in zai tafi gida, don kada ya bi ta Ƙofar Kaura. Na san kunya abu ne mai kyau, haka aka tarbiyyantar da mu. Amma wannan kunyar tasa wani ne yake ɗaukar nauyinta, kuma tsoho ne. Haushi ya hana ni cin abincin rana.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan labaran rana

Ba a saka ba. An dai saka tallar biki har sau biyu.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Mitin na dukan ma'aikata. Mu 'yan koyo a kujerun baya, kusa da dispensar ruwan sha. An yi awa guda ana gardama kan kalar anko. Can Hajiya Zara, Allah ya saka mata, ta ɗago maganar a hankali. Alhaji Haruna, Manajanmu, ya cire tabarau ya ce ya san da zancen, kuma abin ya dame shi matuƙa. Amma a duba lokaci. Muna shelar shekara goma ta sahihan labarai, ga manyan baƙi an gayyato, sai mu fito da bakinmu mu ba sauran tashoshi abin dariya? Ai maganar ta mutu da kanta, kowa a gari ya san dattijon yana nan. A bari bayan biki, a kawo masa rubutun ya duba a natse.

Na ɗaga hannu. Wallahi na ɗaga, har sama. Hajiya Zara ta waigo ta ce, "Bashira, je ki dubo ko masu lemo sun iso."

Masu lemo ba su iso ba. Na tsaya a bakin get ina kallon ruwa yana cika kwata har mitin ya tashi.

Asabar, 26 ga Yuli, da safe

Na fara fita ta ƙofar baya, ta lungun masu wanki, don kada in wuce dakali. Ni da nake zagin Malam Atiku.

Litinin, 28 ga Yuli, da safe

Yau na daure na bi ta gaba. Ba kowa a dakali. An kwana ana ruwa, ƙila shi ya sa.

Talata, 29 ga Yuli, da safe

Yau ba ruwa. Ba kowa a dakali.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan magariba

Tun jiya Malam yana asibiti. Hawan jini. Kowa cewa yake dama yana da shi tun tuni, dama shekaru sun ja, dama damina ba ta yi wa tsofaffi daɗi. Ni ma haka nake cewa, na faɗa wa Inna, na faɗa wa Hajiya Zara, ga shi na rubuta a nan.

Abin da Anti Halima ta faɗa a ƙofar gida lokacin da ake saka shi a mota, ba da ni take ba. Ba ta ko kalli inda nake ba. Ba zan rubuta shi ba.

A ofis na gama katin gayyata, an ba ni ɗaure jakunkunan kyauta. Kowace jaka da kofi, da biro, da kalanda mai hoton Manaja.

Asabar, 2 ga Agusta, da yamma

An yi biki. Na sa anko, na riƙe faranti, na yi murmushi har kumatuna suka gaji. Mai gabatarwa ya ce shekara goma Sautin Ganuwa ba ta taɓa faɗin abin da ba ta tabbatar ba, aka tafa. Na duba Malam Atiku, shi ma yana tafawa, amma a hankali.

Daga can na wuce asibiti da ankon a jikina, ban yi tunani ba sai da na ga idon Anti Halima a kan tambarin da ke zanen. Ta tashi ta fita ta ba ni wuri.

Malam ya rame. Bakinsa ya ɗan karkace, maganar tana fita da ƙyar. Rediyon nan yana gefen filo. Matar da ke jinyar na kusa da shi ta ce kullum in rana ta take sai ya sa an kunna masa, ya kasa kunne har a gama, sannan ya ce a kashe.

"Amarya. An sha biki?"

"An sha, Baba Malam. Ya jiki?"

"Da sauƙi. An hwaɗa?"

Na ce ana kan shiri.

"Tau. Shirin ga ya hi na aure." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Da ya lafa sai ya ce, "Akwai wani yaro, Tanimu, can wajen ƙauye, ni na sa uban ya bar shi ya yi karatu. An ce ya yi ta kuka, ya yi mini sadaka. Har yau bai san ina nan ba. Shi nike tunani."

Yaron nan da yake faɗa yanzu jikoki gare shi. Na fito na zauna a kan benci, na kasa kiran kurkura.

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Biki ya wuce, saura wane dalili? Na shiga ofishin Hajiya Zara ban jira ta ce in shigo ba. Na gaya mata rediyon da ke gefen filo. Sai ta ce in kawo rubutuna na farko, mai sunansa, ba na Barista ba. Ta tura wa Manaja a gabana, ta rubuta masa cewa na gaggawa ne.

Manaja ya tafi Abuja tun jiya, taron masu gidajen rediyo. Saƙon ya shiga, bai buɗe ba. Na ce to Malam Atiku ya karanta mana kawai, wa zai hana? Ta ce duk abin da ya shafi sunan kamfani ba ya fita sai da sa hannun Manaja, ƙa'ida ce. Na ce ranar da aka kashe shi wa ya sa hannu? Ta ce in je in sha ruwa.

Talata, 5 ga Agusta, bayan labaran rana

Bai buɗe ba. Ba a saka ba.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan labaran rana

Ba a saka ba. Na san wani ya kunna rediyo, ya saurara har ƙarshe, ya ce a kashe.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan asuba.

Alhamis, bayan la'asar

Babanmu ya ce in je in faɗa a wurin aiki a sanar, jana'iza ƙarfe biyu a ƙofar gidansa. Wannan ba ta buƙaci lauya ba, ba ta buƙaci Manaja ba. Malam Atiku ya karanta a labaran rana, ya fito situdiyo ya zari hularsa ya fita da gudu.

Sai wayar ofis ta fara ƙara, kuma ni ce mai ɗagawa.

"Ku kuma? Kun sake?"

"Allah ya shirye ku. Ku bar bawan Allah ya huta mana."

"Yarinya, wancan karon na rufe shago, na ɗauko mota tun daga Dutsin-Ma. Ba ku ƙara yi mini."

Na yi ta rantsuwa. Na ce wallahi gaskiya ne, maƙwabcinmu ne, na ga shigowa da shi da idona. Wani dattijo ya ce, "Wancan ma da kuka aka karanta shi." Ya kashe wayar. A shafi kuwa dariya ake ta sakawa a ƙarƙashin sanarwar. A zauren tsofaffin ɗaliban nan wani ya rubuta cewa kada kowa ya yaɗa, tsohon labari ne ya dawo, aka yi ta tura gargaɗin nasa gaba. Kafin masu kiran gidan su samu wanda zai ɗaga musu waya, an riga an sallace shi. Gawa ba ta jiran a gama tantancewa.

Babanmu ya dawo daga maƙabarta ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba. Inna ta tambaye shi jama'a.

"Sahu ukku. Na ukkun bai cika ba." Ya share fuska da hannun riga. "Mutumen da ya koyar da rabin garin ga."

Ya ce Malam Atiku yana sahun ƙarshe, kuma shi ya fi kowa kuka. Ban ji tausayinsa ba. Allah ya yafe mini, ban ji ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Yau kwana uku, kuma yau ne layin ya cika. Tabarmi har bakin titi. Kowa ya zauna sai ya ce, "Wallahi mun ji, mun ɗauka irin waccan ce." Wani tsoho mai farin gemu ya iso da la'asar, ƙafarsa duk taɓo. Aka ce shi ne Tanimu. Shi bai ma ji ta biyun ba. Ciwon ƙafa ne ya hana shi zuwa tun wancan karon, yau ya samu sauƙi ya taho ta'aziyyar da yake ganin ya makara da ita sati uku. Da aka ba shi labari, ya tambaya sau biyu, "Kuna nuhin da na zo wancan satin da na ishe shi?" 

Na shiga cikin gida wurin mata, na durƙusa gaban Anti Halima na yi mata gaisuwa. Ta amsa duka, har da "Allah ya ba da lada". Na yunƙura zan tashi ta riƙe hannuna.

"Na san ba ke ba ce, Bashira. Ya ce in gaya miki kada ki sa a ranki." Ta saki hannun. "Amma ki gaya musu sun tara mishi jama'a ranar da ba ya buƙata."

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Na je ne don in ce ba zan ƙarasa sauran satin ba. Hajiya Zara ta riga ni magana, ta ce in rufe ƙofa. Ta juyo mini da wayarta.

Manaja ya buɗe saƙon da safen nan, daga filin jirgi. Bai ji abin da ya faru ba. Ya rubuta: "Ya yi kyau. Na amince, a saka yau a labaran rana."

A saman amsar tasa ga rubutuna, ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. Malam Ado Yari yana nan da ransa da lafiyarsa.

Hajiya Zara ta cire tabarau, idonta ya yi ja. Ta ce, "Bashira, yanzu me kike ganin za mu yi?"

Tun da na zo gidan nan ba a taɓa tambayata abin da nake gani ba sai yau.